Takardar Cikin Kwalin Magani: Yadda Ciwon 'Yata Ya Koya Mini Karanta Binciken Likitoci

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Kano, kuma na shafe shekara 18 ina koya wa yara yadda ake fitar da kashi cikin ɗari, amma sai da ciwon 'yata ya kai ni bango na gane cewa ban taɓa karanta alƙaluman da rai ya rataya a kansu ba. Ina ba da wannan labari ne saboda iyayen da likita ya taɓa miƙa wa takardar magani suka fito ba su fahimci komai ba, suka shiga intanet neman bayani, suka dawo da ruɗanin da ya fi wanda suka shiga da shi.

Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka Ummi muke kiran ta. An haife ta a 2014, kuma har ta kai wata 7 babu abin da ya nuna tana ɗauke da wata lalura. Daga nan ne hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana 3 tana kukan da ba nono ba goyo da ke tsayar da shi. An yi mata rubutu, an shafa mata man shanu, wata maƙwabciya ta ce haƙori ne, kafin a ƙarshe gwajin jini ya nuna SS, wato amosanin jini, ciwon da aka fi sani da sikila. Ni da mahaifiyarta duk AS ne, wato muna ɗauke da gadon ciwon ba tare da ya kama mu ba, ba mu sani ba, domin lokacin da aka ɗaura mana aure a 2011 babu wanda ya yi mana zancen gwaji, kuma dokar da ta wajabta gwajin kafin aure a Jihar Kano sai a 2024 aka sa mata hannu.

Shekaru 6 da suka biyo baya mun yi su ne a kan ƙa'ida ɗaya: likita ya rubuta, mu saya. Mun san gidan sauro, mun san yawan shan ruwa, mun san cewa idan hunturu ya kama sai an lulluɓe ta tun kafin magariba. Ban taɓa tambayar dalilin komai ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka, domin haka aka tarbiyyantar da mu game da asibiti.

A 2021, tana da shekara 7, aka yi mata wani gwaji da ake kira TCD. Ana ɗora wata 'yar na'ura a gefen kai, tsakanin ido da kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Likitar da ke duba ta, wata baiwar Allah mai haƙuri wadda a ranar iyaye sun fi 40 a layinta, ta ce mini gudun jinin Ummi ya haura 200, an sake gwadawa ya sake haurawa, kuma wannan alama ce ta haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ta kwatanta mini da tiyon ban ruwa, wanda idan aka matse bakinsa ruwan yake ƙara gudu. Ta ce a ƙasashen da jini ke wadace, ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kusan duk wata, amma a wajenmu samun jinin da kuɗinsa da kuma ƙarfen da yake tarawa a jiki duk matsaloli ne, saboda haka za ta ɗora ta a kan wani kafso mai suna haidroksiyuriya. Duk wannan bayani bai kai minti 10 ba. Ban ga laifinta ba, domin duk mintin da ta ƙara mini daga rabon wani yaro ta cire shi, amma na fito da kalma ɗaya ce kawai a kaina, wato shanyewa.

Da dare ƙanin maiɗakina, wanda ke tsaron wani kemis, ya zo duba mu. Ya buɗe kwalin, ya warware takardar nan mai ƙananan rubutu da kowa ke jefarwa, ya karanta, sai ya yi shiru. Da aka matsa masa ya ce wannan maganin masu ciwon daji ne, kuma a jikin takardar an rubuta cewa shi kansa yana iya jawo ciwon daji. Hajiya, mahaifiyata, tana zaune a kan darduma. Ta ce, "Malam, takwarar tawa za ku ɗura wa maganin daji alhali ba ta da daji? Ba da yawuna ba." Maiɗakina ta fashe da kuka. Yaron bai yi ƙarya ba, domin abin da ya karanta yana nan a rubuce, ita ma likita ba ta yi ƙarya ba, ga shi kuma ranar komawarmu asibiti sai bayan wata guda. Gaba kura baya sayaki. Aka ɗora kwalin a saman kwaba, ba a taɓa shi ba.

A daren na fara bincike a waya, kuma kwanakin farko ɓarnar data kawai na yi. Idan na rubuta da Hausa, abin da ke fitowa bidiyon masu tallar magani ne, kowa yana rantsuwa cewa nasa yana mayar da SS ya koma AA cikin wata 3, da lambar waya a ƙasa. Idan na rubuta da Turanci, sai na faɗa cikin mujallun likitoci, inda jimla ɗaya ke ɗauke da kalmomi biyar da ban taɓa ji ba, duk da cewa da Turanci na yi digirina. Wasu kuma da na danna sai su nemi in biya dala kafin in ga sauran rubutun. Na gwada manhajar fassara, sai ta mayar mini da kalmar da likitoci ke nufin tashin ciwo da ita zuwa "rikici", har na karanta cewa maganin yana rage rikici a tsakanin yara. Abin dariya ne a yanzu, amma a daren ban yi dariya ba. Abin da ya fi damuna shi ne, duk abin da na ji tsoro, idan na nema sai na sami shafin da ya gaskata tsoron nawa.

Wata abokiyar aikina mai koyar da ilimin halittu ce ta ga idanuna sun yi ja a ɗakin malamai, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce kuskurena shi ne na fara hawan tsani daga sama. Ta rubuta mini suna ɗaya a bayan takardar jarrabawa: MedlinePlus. Shafi ne na babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka, an buɗe shi a 1998 domin marasa lafiya da iyalansu, babu talla a cikinsa, ba a biyan ko kwabo, kuma a ƙasan bayanin kowane magani akwai ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Na rubuta sunan maganin yadda yake a jikin kwali, hydroxyurea, sai ga bayani a jere cikin Turanci mai sauƙi: dalilin da ake ba da shi, yadda ake sha, abin da za a yi idan an manta, da alamomin da idan an gani za a garzaya asibiti. Abin da ya sa na yarda da shafin shi ne bai ɓoye abin da ƙanin maiɗakina ya gani ba. Gargaɗin yana can sama, cewa maganin yana iya rage ƙwayoyin jinin da ɓargo ke samarwa kuma yana iya ƙara haɗarin wasu nau'o'in ciwon daji, amma a wuri guda an rubuta ƙarara cewa ana ba masu sikila shi domin rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, kuma dole a riƙa gwada jinin mai shan sa a kai a kai. A nan na fara gane cewa magani ɗaya yana iya yin aiki biyu, kuma sunan ciwon da aka fara yin sa dominsa ba shi ne hukuncinsa ba.

Daga nan ta nuna mini shafin hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS. Na yi kusan rabin awa ina neman maganin ban gan shi ba, ashe su hydroxycarbamide suke kiran sa. Na ambaci wannan ne don kada wani ya ɓata lokacin da na ɓata. Tsakanin shafukan biyu na fahimci yadda abin yake aiki. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na cikin mahaifa wanda ba ya lanƙwashewa, kuma a watannin farko jiki yake rage shi ya koma na manya, wanda a jikin mai SS yake sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Aikin maganin shi ne ya sa jiki ya ƙara samar da wancan na jarirai. Sai a lokacin, bayan shekara 6, na san dalilin da ya sa Ummi ta yi wata 7 lafiya ƙalau kafin hannunta ya kumbura.

Amma waɗannan shafuka suna faɗin abin da aka sani ne, ba sa nuna yadda aka san shi, kuma Hajiya ba mace ce da za a ce wa "Turawa sun ce" ta sauko ba. Mataki na gaba shi ne Cochrane, wata ƙungiyar masana da aka kafa a Ingila a 1993, wadda aikinta shi ne ta ɗauki tambaya ɗaya, ta tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi a kanta a duniya, ta tace masu inganci, sannan ta faɗi abin da suka nuna gaba ɗaya. Kowane nazari nasu yana da wani sashe mai taken Plain language summary, wato taƙaitawa cikin harshen kowa da kowa, kuma kyauta ake karanta shi. Abin da ya fi burge ni a wurinsu, a matsayina na mai lissafi, shi ne kowace magana suna sa mata ma'auni, ko hujjarta mai ƙarfi ce, ko matsakaiciya, ko mai rauni, ko mai rauni ƙwarai. Ban taɓa jin mai tallar magani ya ce hujjarsa mai rauni ce ba.

A can ma na sami amsar wata tambaya da Hajiya ta daɗe tana yi, cewa me ya sa ba a duba maganinmu na gargajiya. An duba. Akwai nazarinsu a kan magungunan tsirrai na sikila, kuma a ciki akwai Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai 4, cikinsu da masoro da kanumfari da karan dafi. Ba su yi masa ba'a ba. Sun ce gwajin da aka yi ya nuna alamar yana rage tashin ciwo mai tsanani, amma mutanen ba su kai 100 ba, watannin ba su da yawa, don haka hujjar mai rauni ce kuma ana buƙatar ƙarin bincike. Wannan adalci ya sa na ƙara amincewa da abin da suka faɗa a kan maganin asibiti.

Sai bayan na riƙe waɗannan ne na koma PubMed, rumbun da ya kore ni a daren farko. Ita ma wannan taska ta ɗakin karatun nan na Amurka ce, tana ɗauke da tsakuren miliyoyin maƙalu, kuma akwai wurin da ake dannawa a tace waɗanda cikakken rubutunsu kyauta ne kawai. Na daina ƙoƙarin fahimtar kowace kalma. Na sayi littafin rubutu mai shafi 60, kuma duk tsakuren da na buɗe ina neman abubuwa kaɗan ne: su wane ne aka gwada, su nawa ne, an raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a ko kuwa, me aka ƙirga, kuma tsawon wane lokaci. Batun ƙuri'ar nan shi ne ƙashin bayan lamarin, domin idan likita ne ya zaɓi waɗanda zai ba magani, yana iya zaɓen masu ƙarfi-ƙarfi ba da niyya ba, sai a yaba wa magani a kan abin da ba shi ya yi ba.

Ga abin da na rubuta a littafin. A 1995 an wallafa gwajin manya 299 masu sikila, rabi suna shan maganin, rabi suna shan kafso mai kama da shi wanda babu magani a ciki, kuma matsakaicin tashin ciwo a shekara ya kasance 2.5 ga masu shan maganin, 4.5 ga sauran. An ci gaba da bibiyar waɗannan mutane fiye da shekara 17, kuma waɗanda suka daɗe suna shan sa mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu. A 1998 an wallafa gwajin yara 130 masu gudun jini irin na Ummi: cikin 67 da aka bari a kan kulawar yau da kullum, 11 sun sami shanyewa, cikin 63 da ake yi wa ƙarin jini kuwa, yaro 1 ne kawai. A 2019 an wallafa wani da aka yi wa yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, inda tashin ciwo da zazzaɓin cizon sauro suka ragu da kusan rabi bayan fara shan maganin. A gefen wannan na ƙarshe na sa alama da jan biro, domin babu ƙuri'a a cikinsa, an kwatanta yaran ne da yadda suke kafin su fara sha. Ranar da na iya gano wannan da kaina na ji kamar ɗalibin da ya fara warware lissafi ba tare da leƙa bayan littafi ba.

Abin da ya rage shi ne ko an taɓa gwada shi a kan yara irin namu domin kare shanyewa. Akwai rajistar gwaje-gwaje mai suna ClinicalTrials.gov, wadda aka buɗe a 2000, inda ake rubuta sunan ciwo da sunan ƙasa. Na rubuta sikila da Turanci, na zaɓi Najeriya, sai na ga sunan Kano. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun shafe shekaru suna gwada wannan magani a kan yara masu gudun jini mai yawa. Na zagaya Amurka da Ingila a waya ina neman amsa, ashe ana rubuta ta a kan titin Zariya, wurin da nake wucewa a adaidaita sahu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗebo wake a kwano na zauna a gaban Hajiya. Na ƙirga 67 na ware gefe, na ce mata waɗannan yara ne masu irin gwajin takwararta da ba a yi musu komai na musamman ba, sannan na zare 11 na tura gabanta. Ta daɗe tana kallon su. Na gaya mata cewa gargaɗin ciwon daji gaskiya ne a rubuce yake, ba zan ɓoye mata ba, amma an bi masu sikila da ke shan maganin shekara da shekaru, kuma abin da aka gani shi ne sun fi tsawon rai, alhali waken nan 11 cikin kusan shekara 2 suka fita. Ta tambaye ni ko duk 'ya'yan Turawa ne, na ce mata akwai 'ya'yan Kano da ke shan sa a hannun likitocin Kano. Ta ce, "To, a kawo mini ruwa." Da hannunta ta ba Ummi kafson farko, da bisimilla. Kwana 23 kwalin ya yi a saman kwaba, kuma har yau idan na tuna abin da zai iya faruwa a cikin waɗannan kwanaki gabana yana faɗuwa. Da na san hanya tun farko, ko da na koma asibiti washegari na sake bin layi, da ba a kai haka ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na fito a gwani, amma akwai abin da na aikata wanda dole in faɗa. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, kuɗin komai ya tashi har da na maganin Ummi, albashi kuwa yana nan inda yake. A lokacin nauyinta kilo 25 ne, tana shan miligiram 500 a rana, wato 20 a kowane kilo. A PubMed na ci karo da sakamakon babban gwajin da aka yi a Kano da Kaduna, wanda aka wallafa a 2022, inda aka raba yara 220 ta hanyar ƙuri'a, wasu suna shan miligiram 10 a kowane kilo, wasu 20. A rukunin ƙaramin awo yara 3 cikin 109 suka sami shanyewa, a rukunin babban awo 5 cikin 111, kuma masu binciken sun ce babu bambancin da za a iya dogara da shi. Na ji kamar na tsinci dami a kala. Na lissafa cewa rabin magani rabin kuɗi ne, na sayo kafso mai 250, na fara ba ta ba tare da na tambayi kowa ba. Maiɗakina ta ce, "Baban Ummi, ba haka likita ta rubuta ba." Na ce mata na karanta.

Mako 3 bayan haka, a gaban likita, maiɗakina ta fasa ƙwai. Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ka karanta tsakuren har ƙarshe?" Ta buɗe shi a wayarta, ta nuna mini layin da idona ya tsallake, inda aka rubuta cewa yaran da ke shan ƙaramin awo sun fi yawan kwanciya a asibiti. Ta ce gwajin ya amsa tambaya ɗaya ce, ta shanyewa, kuma amsar tana da amfani ƙwarai ga wuraren da maganin ke ƙaranci, amma Ummi ba shanyewa kaɗai ake kare ta daga gare ta ba, tana da tarihin tashin ciwo da ciwon ƙirji. Ta ƙara da cewa a Uganda an wallafa wani gwaji a 2020 wanda ya nuna cewa ɗaga awon zuwa kusan 30 a kowane kilo, tare da bibiyar jini, ya fi tsayawa a 20 amfani. Sannan ta ce da na gaya mata kuɗi ne matsalar, da ita ce za ta duba abin da za a iya yi, domin ita ke riƙe da sakamakon jinin yarinyar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni da nake kama ɗalibai da laifin karanta rabin tambaya, rabin amsa na karanta saboda rabin da ya dace da aljihuna ke nan. Tun daga ranar littafin nan nawa ya sauya aiki. Abin da na karanta ba na zartar da shi, tambaya nake mayar da shi in kai asibiti.

A Disambar 2023 labari ya cika wayoyi cewa an samo maganin da ke warkar da sikila gaba ɗaya. A zauren WhatsApp na iyayen da muke haɗuwa a layin asibiti aka yi ta kabbara, wani ma ya fara zancen sayar da filinsa. Na bi tsanina daga ƙasa, na ga labarin yana da tushe: hukumar magunguna ta Birtaniya a Nuwamba, ta Amurka a Disamba, sun amince da Casgevy, wanda ake gyara ƙwayoyin gado na ɓargon mai ciwon da shi. Amma a lokacin na 'yan shekara 12 zuwa sama ne masu ciwo mai tsanani, sai an fara kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi wanda yana iya hana haihuwa, kuɗinsa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma hujjar da aka yanke hukunci a kanta ita ce mutum 29 cikin 31 da suka shekara ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Na naɗi wannan da muryata cikin Hausa na tsawon minti 4, na fara tura wa likitarmu ta saurara, ta gyara mini wuri ɗaya, sannan na sa a zauren. Ban ji daɗin zama mai sanyaya gwiwar mutane ba, amma filin mutumin yana nan.

Daga nan abin ya zama mini aiki. Duk shafukan da na ambata Turanci suke buƙata, kuma yawancin iyayen da ke zauren, musamman mata waɗanda su ne ke kwana a gefen gadon asibiti, ba sa karanta shi. Wani uba daga Maraɗi da ke kawo ɗansa Kano ya gano cewa yawancin taƙaitawar Cochrane akwai fassararsu da Faransanci, shi ma yana karantawa ya kawo mana. Sau ɗaya ko biyu a wata nake naɗar bayani, kuma a kowanne ina faɗin mutum nawa aka gwada, ko an yi ƙuri'a, da abin da gwajin bai tambaya ba, sannan ina ba da labarin kafso mai 250 ga duk sabon shiga.

Gudun jinin Ummi ya sauko ƙasa da 170 tun gwajin shekara ta biyu, kuma ana ci gaba da duba jininta duk lokacin da aka sa mana. Yanzu tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ta fara karɓar wayata tana karanta shafin MedlinePlus da kanta tana tambayata ma'anar kalmomi. A makon jiya ta kai wurin da aka rubuta cewa bai kamata mai juna biyu ta sha maganin ba, ta je ta karanta wa kakarta. Hajiya ta kira ni ta ce, "Malam, idan takwarata ta yi aure fa, ya za a yi?" Na ɗauko littafin na rubuta tambayar yadda ta faɗe ta, a ƙarƙashin wasu biyu da na riga na tanada, kuma Hajiya ta ce ranar Talata da ita za a je asibitin.